Da A Ce Sun Tashi Daga Wuri Ɗaya: Tarihin Wata Tambaya Da Mace-macen Yara A Sakkwato

A ƙarshen shekarar 2019 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta fitar da cikakken rahoton binciken lafiyar al'umma da ta gudanar a 2018, kuma kamar yadda aka saba, kowace jarida ta je ta tsinto layin jiharta. Layin Sakkwato ba shi da daɗin karantawa. A faɗin Najeriya, cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 132 ba sa cika shekara biyar. A shiyyar Kudu maso Yamma adadin 62 ne. A jihar Sakkwato kuwa ya kusa kaiwa 200, wato kusan yaro ɗaya cikin biyar da aka yanka wa ragon suna ba ya rayuwa har ya riƙe allo. Rahoton ya kuma nuna cewa kashi 5 cikin ɗari kacal na ƙananan yaran jihar suka samu cikakkun alluran rigakafi na farko, mafi ƙaranci a ƙasar baki ɗaya, alhali a Anambra kashi 76 ne.

Duk lokacin da irin waɗannan alƙaluma suka fito, muryoyi biyu ake ji. Ta farko ta masu gori ce, waɗanda ke ɗaukar lambar su yi wa al'umma guda hukunci da ita. Ba zan ɓata lokaci a kanta ba. Ta biyu ita ce tamu, ta 'yan boko masu kishin gida, kuma ni ma na sha furta ta: ai idan aka yi la'akari da talauci da ƙarancin karatun mata, wannan tazara za ta gushe. Jimla ce mai sanyaya zuciya. Tana da kamannin ilimi, kuma a bayanta akwai dabarar lissafi ta gaskiya wadda aka shafe shekara kusan 180 ana gogawa. Tarihin wannan dabara ya cancanci a san shi, domin mutanen da suka ƙirƙiro ta sun fi masu amfani da ita a yau tsoron ta.

A shekarar 1842, shekarar da Aliyu Babba ya zama Sarkin Musulmi, wani jami'in gwamnatin Ingila mai suna Edwin Chadwick ya wallafa rahoto kan ƙazantar unguwannin ma'aikata. Makaminsa shi ne matsakaicin shekarun da mutane ke mutuwa. A unguwar Bethnal Green ta birnin Landan, in ji alƙalumansa, iyalan masu hali suna mutuwa a matsakaicin shekara 45, iyalan leburori kuwa a shekara 16. Ya riƙa jera unguwanni da garuruwa da wannan ma'auni yana nuna wadda ta fi kisa. Rahoton ya girgiza mutane, ya kuma share fagen dokar lafiyar jama'a ta 1848.

A 1844 wani masanin lissafin inshora, F. G. P. Neison, ya tsaya a gaban ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ya nuna cewa mudun Chadwick a lanƙwashe yake. Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa. Unguwar da ta cika da jarirai da ƙananan yara dole matsakaicin shekarun mamatanta ya yi ƙasa, ko da kuwa haɗarin mutuwa a kowane mataki na rayuwa daidai yake da na unguwar da tsofaffi suka fi yawa. Don haka ya ce a ɗauki yawan mace-macen kowace unguwa a kowane rukunin shekaru, a ɗora shi a kan jama'a guda ɗaya, sannan a kwatanta. Da ya ɗora alƙaluman wata unguwar masu kuɗi a kan tsarin shekarun mutanen Bethnal Green, sai babban kaso na tazarar da ke tsakaninsu ya zube. Bai ce magudanan ruwan Landan suna da tsafta ba. Ya dai nuna cewa akwai abu na uku da ke tsaye tsakanin unguwa da mutuwa, kuma sai an riƙe shi wuri ɗaya kafin a yi kwatance. Wannan riƙewa ita zan riƙa kira daidaitawa.

Shekara 55 bayan haka George Udny Yule ya faɗaɗa dabarar. Muhawarar lokacin a Ingila ita ce: shin ba wa matalauta tallafi suna zaune a gidajensu, maimakon tilasta musu shiga gidajen aikin gwamnati, yana ƙara yawan masu dogaro da tallafi? A takardarsa ta 1899 Yule ya yi aiki da alƙaluman ƙidayar 1871 da 1881 da 1891 daga ɗaruruwan gundumomi, ya daidaita yawan tsofaffi da sauyin yawan jama'a, ya kuma iske cewa alaƙar tana nan. Amma a ƙasan shafi ya saka gajeriyar sanarwa, cewa duk inda ya rubuta wani abu ya jawo wani, a fahimce shi da ma'anar suna tafiya tare kawai. Ƙarni guda da kwata ke nan, har yanzu wannan sanarwa ita ce abin da muke fara yankewa idan muna neman kanun labari.

Siffar da ɗaliban jami'a suka sani a yau ta fito ne daga gona. R. A. Fisher ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a 1919, kuma a bugu na huɗu na littafinsa kan hanyoyin ƙididdiga, a 1932, ya bayyana dabarar da masu bincike ke taƙaita sunanta da ankoba. Misalinsa na gonakin shayi ne a tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, inda aka yi amfani da amfanin da kowane fili ya bayar kafin gwaji domin gyara sakamakon bayan gwaji. Mai karatu zai fi saurin kama ta da misalin ragon layya. A ce mutum biyu sun sayi raguna a kara wata uku kafin Babbar Salla, ɗaya yana ciyarwa da dusa, ɗaya da harawa. Ranar Arfa aka auna, ragunan mai harawa suka fi nauyi. Kafin a yaba wa harawa sai a tambaya: da wane nauyi kowane rago ya shigo gidan? Dabarar Fisher tana auna yadda nauyin farko ke hasashen na ƙarshe, ta cire wannan kason, sannan ta kwatanta abin da ya rage, tamkar dukkan ragunan sun fara da nauyi ɗaya. Daga nan sai gwajin ya yi tambaya ta ƙarshe: ragowar bambancin ya fi ƙarfin abin da dace kawai zai iya haifarwa? Al'adar da Fisher ya yaɗa ita ce, idan dace zai iya kawo irin wannan tazara ƙasa da sau ɗaya cikin ashirin, to a ɗauke ta da muhimmanci.

Sai dai akwai sharaɗin da ya sa dabarar ke aiki lafiya a hannun Fisher, kuma shi ne ake mantawa. A gonarsa ƙuri'a ce ke yanke wane fili zai samu wane taki. Ƙuri'a ba ta san fili mai albarka ba, ba ta san na kusa da rafi ba, saboda haka duk wani bambanci na ɓoye yana rabuwa tsakanin rukunonin ba tare da son kai ba. Daidaitawa a wannan hali tana share ƙura ne kawai domin a ga sakamako da kyau. Amma babu wanda ya jefa ƙuri'a ya ce wannan jariri a haife shi a Tangaza, wancan a Abekuta. Da zarar an fita daga gonar gwaji, an ɗora wa daidaitawa aikin da ba don shi aka ƙera ta ba. (Shi kansa Fisher ya san haka fiye da kowa, har ya wuce gona da iri: a ƙarshen shekarun 1950 ya dage cewa wataƙila wani abu na gado ne ke jawo sha'awar taba da kuma sankarar huhu a lokaci guda. Tarihi bai goyi bayansa ba.)

Wanda ya fi fito da matsalar fili shi ne Frederic Lord, masanin auna jarrabawa a Amurka, cikin wata 'yar gajeriyar takarda a 1967. Ya ƙaddara wata jami'a da ke son sanin ko abincin ɗakin cin abincinta yana shafar nauyin ɗalibai maza da mata ta hanyoyi daban. An auna kowa a watan Satumba, an sake aunawa a Yuni. Masani na farko ya duba ya ce matsakaicin nauyin maza bai sauya ba, na mata ma bai sauya ba, don haka babu bambanci. Masani na biyu ya daidaita nauyin farko, ya iske cewa idan aka ɗauki namiji da mace da suka fara da nauyi ɗaya, namijin ya fi nauyi a ƙarshe, don haka akwai bambanci. Babu wanda ya yi kuskuren lissafi a cikinsu. Dalilin shi ne, namijin da nauyinsa ya yi daidai da na mace a Satumba yawanci marar nauyi ne a cikin maza, ita kuwa mai nauyi ce a cikin mata, kuma kowannensu yakan karkata zuwa matsakaicin jinsinsa idan aka sake aunawa. Da za a yi kiwon balami da ɗan ƙaramin ragon gida a garke ɗaya, haka za a gani. Abin da Lord ya fitar shi ne, idan rukunonin sun bambanta tun asali, alƙaluman da kansu ba za su gaya maka wace amsa ce daidai ba. Sai ka zo da sani daga waje game da yadda abubuwan ke haifar da juna.

Ba a jima ba aka samu misali na zahiri. A zangon karatu na 1973 Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta ɗauki kimanin kashi 44 cikin ɗari na maza 8,442 da suka nemi karatun gaba da digiri, amma kashi 35 kawai na mata 4,321. Da Peter Bickel da abokan aikinsa biyu suka bi sashe bayan sashe, a binciken da suka wallafa a 1975, sai tazarar ta ɓace, har ma ta ɗan karkata wajen mata. Ashe mata sun fi neman sassan da gurbi ya yi ƙaranci ga kowa, maza kuma sun fi neman sassan da ke ɗaukar kaso mai yawa. Ana yawan ba da wannan labari a tsaya a nan, a ce lissafi ya wanke jami'a. Su masu binciken ba su tsaya a nan ba. Sun nuna cewa abin tambaya ya koma baya ne kawai, zuwa ga tarbiyya da makarantun da suka tura mata sassan da ba su da kuɗi da gurabe. Daidaitawa ta gaya musu inda matsalar ba ta zaune, ta kuma nuna musu ƙofar da za su bi su same ta.

* * *

Najeriya tana da babban gurbi a wannan tarihi, ko da yake ba kasafai ake ambatonsa a gida ba. A 1979 John Caldwell, masanin yawan jama'a ɗan ƙasar Ostireliya, ya wallafa wata takarda da ta dogara a kan tambayoyin da aka yi wa mata fiye da 6,000 a Ibadan a 1973. Kafin lokacin ana ɗaukar karatun uwa a matsayin alamar wadata kawai: mai karatu ta auri mai albashi, mai albashi yana da kuɗin magani, shi ke nan. Caldwell ya raba matan rukuni-rukuni bisa sana'ar miji da karatunsa da unguwar da suke zaune, ya kwatanta masu karatu da marasa karatu a cikin kowane rukuni. A kusan ko'ina 'ya'yan masu karatu sun fi rayuwa. Ya kammala cewa karatun uwa yana da ƙarfin kansa: yana ba ta zuciyar yanke shawara ba tare da jiran surukai ba, yana ba ta bakin magana a gaban ma'aikacin asibiti. Wannan takarda ta yi tasiri ƙwarai a kan yadda hukumomin raya ƙasashe ke kallon karatun 'ya mace, kuma duk wanda ya taɓa jin an ce ilimantar da yarinya ceton rai ne, yana jin amon Ibadan ta 1973.

Amma takobin da Caldwell ya yi sara da shi an juya shi kansa. A 1998 Sonalde Desai da Soumya Alva suka ɗauki bayanan ƙasashe 22, suka daidaita karatun miji da ruwan famfo da makewayi, sannan suka kwatanta iyaye mata da ke zaune a unguwa ko ƙauye ɗaya kawai. Tasirin karatun uwa a kan mutuwar jarirai ya ragu sosai, a ƙasashe da dama har ya kasa tsallake gwajin dace. Inda ya tsaya da ƙafafunsa shi ne wajen kai yaro rigakafi. Ma'ana, wani ɓangare na abin da ake gani kamar albarkar makaranta, albarkar zama ne a garin da ke da makaranta, domin garin da ke da makaranta shi ne kuma ke da asibiti da hanyar mota da rijiyar burtsatse.

Yanzu mu gwada jimlar tamu mai sanyaya zuciya da ma'aunin Neison. Rahoton 2018 ya nuna cewa a faɗin ƙasa, yaran da iyayensu mata ba su yi makaranta ba suna mutuwa 170 cikin 1,000 kafin shekara biyar, waɗanda iyayensu suka wuce sakandare kuwa 56. Ya kuma nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na matan Sakkwato masu shekara 15 zuwa 49 ba su shiga makarantar boko ba. To lallai kaso mai girma na tazarar yana tafiya tare da karatu. Amma a lura da wannan: ko da za a ƙaddara cewa babu mace ko ɗaya a jihar da ta taɓa shiga aji, lissafin Neison ba zai kai mu sama da 170 ba. Adadin da aka samu ya haura haka. Gaskiya ne cewa alƙaluman jiha ɗaya suna da rawa, domin mata dubu arba'in da 'yan kai da aka tambaya an raba su ne a kan jihohi 36 da Abuja, kuma adadin jihohi ya shafi shekara goma kafin binciken ne. Duk da haka, wanda ya ce tazarar za ta gushe gaba ɗaya ya yi alkawarin da alƙaluman ba su sa hannu a kai ba.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan zurfi, irin ta Lord. Wa ake kwatantawa da wa? Matar da ba ta yi makaranta ba a ƙauyen Gudu ita ce gama-gari, kamar uwarta da maƙwabciyarta. Matashiyar da ba ta taɓa shiga aji ba a jihar Imo kuwa ta fita daban, wataƙila marainiya ce ko mai larura. Haka nan mai digiri a ƙauyen Sakkwato ba ta wakiltar kowa sai kanta. Idan kwamfuta ta ce ga yadda jihohin biyu za su kasance da a ce karatun matansu ɗaya ne, tana zana wata Sakkwato ce da wata Imo da babu su a doron ƙasa. Ita kanta lambar 170 ɗin yawancinta daga matan Arewa aka tattaro ta, don haka layin da aka rubuta wa suna rashin karatu yana ɗauke da nisan asibiti da zazzaɓin damina da talaucin karkara a cikinsa.

Kalmar ma tana buƙatar gyara. A takardar tambayoyin, rashin ilimi yana nufin rashin firamare da abin da ya biyo ta. A garin da Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta riƙa naɗa jajis tana tura su ƙauyuka su karantar da mata tun kafin Neison ya tsufa, wannan suna yana da ɗaci. Amma ɗacin ba ya soke abin da layin ke aunawa. Katin rigakafi da rubutun jikin kwalbar magani da allon asibiti duk da boko aka yi su, kuma wadda ba ta karanta boko tana shiga wannan duniya ne a matsayin baƙuwa.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da muke cewa a riƙe shi wuri ɗaya, wato karatun uwa, shi ne ainihin abin da tarihi bai riƙe wuri ɗaya ba. Legas ta samu makarantar sakandare ta mishan tun 1859. Sojojin Birtaniya sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, Lugard ya yi alkawarin ba zai taɓa addini ba, aka taƙaita shigar 'yan mishan masarautu, amma gwamnati ba ta cike gurbin da makarantun kanta masu yawa ba. Ƙaramar makarantar da Razdan Burdon ya buɗe a Sakkwato a 1905 ta 'ya'yan sarakuna ce. Makarantun gwamnati na 'yan mata a Arewa sai a 1930 aka fara su a Kano da Katsina, kuma a cikin shekarun da suka biyo baya suka iso lardin Sakkwato, su ma da ɗalibai ƙalilan daga gidajen sarauta da na ma'aikatan En'e. An daɗe ana ɗora laifin a kan sarakuna da iyaye. Masanin tarihi Peter Tibenderana, wanda ya rubuta littafi guda a kan lardin Sakkwato a ƙarƙashin Turawa, ya kawo hujjar cewa manufar gwamnatin mulkin mallaka da rowar kuɗinta sun fi ƙiyayyar sarakuna taka rawa. Ko mutum bai yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, ranakun suna magana. Jihar Yamma ta fara firamare kyauta a Janairun 1955. Shirin firamare kyauta na ƙasa baki ɗaya, wanda Janar Gowon ya sanar a wata ziyara a Sakkwato a farkon 1974, bai fara aiki ba sai Satumban 1976.

A lissafa da tsararraki. Yarinyar da ta shiga aji ɗaya a Ibadan a 1955 tana cikin shekarun matan da aka yi wa tambayoyin 1973, kuma jikokinta suna cikin iyayen da aka ƙirga a 2018. Wannan tsara uku ke nan ta mata masu karanta katin asibiti. A ƙauyukan Sakkwato da yawa har yanzu ana jiran tsara ta farko. Saboda haka idan mai bincike ya ce bayan daidaita karatun uwa tazarar ta ragu da kaza, bai nuna cewa tazarar ƙarya ce ba. Yaran da aka binne an binne su. Ya nuna hanyar da tazarar ta bi ta iso ne. Wanda ya toshe magudanar da ke kai ruwa daga madatsar Goronyo zuwa gona, sannan ya sanar cewa bincike ya tabbatar madatsa ba ta jiƙa gona, lissafinsa daidai ne, maganarsa kuwa shirme. Masana suna bambanta abin da ke tsaye a gefe yana rikita kwatance, kamar shekarun mazauna Bethnal Green, da abin da ke kan hanya tsakanin sanadi da sakamako, kamar magudanar nan. Na farko ake daidaitawa. Idan aka daidaita na biyu, an goge sawun ɓarawo ne. Babu wata manhaja da za ta gaya maka wanne ne wanne, sai sanin tarihin wurin.

Saura ragowar, wato abin da ya yi saura bayan an daidaita karatu da dukiya da zaman karkara. A rubuce-rubuce da yawa a nan ne ake liƙa takarda a rubuta al'ada ko addini ko ƙabila. Wannan a ganina shi ne mafi raunin mataki a duk aikin. Ragowa jaka ce da ke ɗauke da duk abin da ba a auna ba: ko akwai ungozoma a asibitin da daddare, ko firjin rigakafi yana da wuta, kilomita nawa ne zuwa hanyar kwalta, ko ma'aikaci zai yarda ya kwana a Sabon Birni ko Isa a halin tsaron da ake ciki. Mai yiwuwa al'ada tana cikin jakar, auren wuri da haihuwa kusa da kusa ba ƙage ba ne. Amma ba wa jakar sunan abu ɗaya daga cikin kayanta zato ne, ko da an yi masa ado da lambobi.

Akwai wata daidaitawa da ba kwamfuta ta yi ba, Turawan da suka shata iyaka ne suka yi ta ba da niyya ba. Wanda ya bi hanyar Illela daga Sakkwato, cikin sa'a biyu yana Birnin Ƙonni. Harshe ɗaya, addini ɗaya, gero ɗaya, sauro ɗaya, auratayya ba ta yanke ba, kuma karatun boko na mata a can ma ƙasa yake ƙwarai. Wani bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2012 ya nuna cewa mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Jamhuriyar Nijar ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. A cikin waɗannan shekaru, zamanin Shugaba Tandja Mamadou, an gina ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2,000 a karkara, an mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta daga 2006, an raba gidajen sauro da sinadarin bitamin A, an kuma faɗaɗa kula da tamowa bayan yunwar 2005. Shekara goma sha ɗaya ba ta isa a sauya karatun iyaye mata na ƙasa guda ba, ba ta kuma isa a sauya al'adarsu ba. Abin da ya sauya shi ne nisan magani da farashinsa.

Dole a auna wannan misali da mudun da muka auna sauran. Adadin na ƙasar Nijar ne gaba ɗaya, ba na jihar Tawa da ke maƙwabtaka da mu ba. Kwatance ne na da da yanzu, babu ƙuri'ar Fisher a ciki. Tsarin kyautar ma ya sha fama da jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu, kuma 128 ba adadin alfahari ba ne. Duk wanda zai yi kwatancen da kyau, ko ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko jami'i a ma'aikatar lafiya, ƙauyukan da ke fuskantar juna a gefe biyu na iyakar zai ɗauka, daga Illela da Gada zuwa Ƙonni da Madawa. Zai daidaita shekarun uwa da yawan haihuwarta da tagwaitaka da watan da aka haifi yaron, domin waɗannan suna iya rikita kwatance. Karatun uwa zai rubuta shi ya ajiye a gefe, tunda ƙasa ta riga ta kusan daidaita masa shi. Kuɗin kati da nisan ɗakin magani da kasancewar ma'aikaci a bakin aiki kuwa ba zai taɓa su ba, domin su ne abin da ya je aunawa.